Kaskon wuta a ɗaki: mu daina kiransa ƙaddara kawai

Jama'a, hunturu ya kankama. A ƙauyukan Batsari da Safana, musamman na bakin Dajin Rugu, da an idar da sallar isha'i kowa sai ya shige ɗaki, ya sa sakata, ya toshe taga da tsumma. Ban ga laifin kowa ba, ga sanyi ga tsoron ɓarayin daji. Abin da ke damuna shi ne kaskon garwashin da ake shiga da shi, da janaretan da ake jawowa cikin zaure ko shago don kar a sace.

Gawayi ko fetur ko gas, duk abin da ya ci wuta a inda iska ba ta wadata ba yana fitar da wata guba, kabon monoksaid. Ba ta da wari, ba ta da launi. Jini kuma yana kama ta fiye da yadda yake kama iskar da muke rayuwa da ita sau sama da 200. Shi ya sa mai barci ba ya farkawa balle ya yi ihu. Kuma kar a ce ai garwashin ya daina hayaƙi, wallahi a lokacin ma yana fitar da ita.

Wani zai ce kakanninmu ma da wuta suke kwana. Gaskiya ne, amma ɗakinsu na jinka ne, iska na fita ta sama. Namu na yau siminti ne da kwano da silin. Ko a Ingila da ake ɗumama gida da gas, sai an yi wa na'urar bututun fitar da hayaƙi waje, kuma doka ta tilasta wa mai gidan haya a duba masa ita duk shekara.

Alamomin ba ɓoyayyu ba ne. In mutanen ɗaki ɗaya suka tashi tare da ciwon kai, jiri da amai, kuma suka ji sauƙi da fitowa waje, a fara zargin wutar kafin maleriya ko aljanu. A buɗe ƙofa, a fitar da kowa, a nufi asibiti. In wutar risho na gas ta koma rawaya maimakon shuɗiya, tana baƙanta gindin tukunya, a kai shi gyara.

Shawarata: a ɗumama ɗaki ƙofa a buɗe, a fitar da kasko kafin a kwanta, har a ɗakin mai jego. Janareta kuwa a waje, nesa da taga, a sa masa sarƙa.

Ina roƙon limamanmu da masu unguwanni su faɗi wannan ranar Juma'a. Maganar tsaro ta fi ƙarfin talaka, amma wannan a hannunmu take. Ku tura wa 'yan'uwa na ƙauye. Allah Ya tsare mu, amin.