MOTAR KARA DA MOTAR KWALI: WACCE CE ZA TA FISSHE MU?

Rubutun yau yana da ɗan tsawo, a yi haƙuri a karanta zuwa ƙarshe kafin a yanke min hukunci.

Akwai wata ɗabi'a da muke da ita a makarantunmu da ya kamata mu duba. Idan aka ga ɗalibi ya zauna a hostal da reza da gam da ɗan burushi yana harhaɗa ƙaramar mota, kafin ya gama manna taya ɗaya an sa masa suna. Wani ya ce yarinta ce ba ta sake shi ba, wani ya ce ba shi da aikin yi. Amma wanda ya kwana yana buga gem a waya har asuba, shi babu mai ce masa komai. Ni ra'ayina shi ne mai rezar nan ya fi mu kusa da abin da ya kawo mu jami'a, kuma zan faɗi dalili.

Ga waɗanda ba su san harkar ba, a ƙasashen waje sana'a ce babba kuma abin sha'awa ne na manya. Kamfanoni irin su Tamiya na Japan da Revell da Airfix suna sayar da mota a kwali, gunduwa-gunduwa: bodi daban, inji daban, kujeru, sitiyari, har madubin gefe. Kai za ka yanke kowane yanki daga jikin firam ɗin roba, ka goge, ka haɗa, ka yi fenti. Ana yin su a kan ma'auni, wanda ya fi shahara a motoci shi ne 1:24, wato kowane santimita 1 a jikin ƙaramar yana wakiltar santimita 24 a jikin ta gaske. Fijo 504 da tsawonta ya kusa mita 4 da rabi za ta dawo kimanin santimita 19, ta zauna a tafin hannunka. Shi kansa Tamiya ɗin nan da ake ji da shi, a 1946 ya fara a garin Shizuoka a matsayin wurin yankan katako. Da katako suka fara yin ƙananan samfura kafin su koma roba.

To mu fa? Mu ma muna da tamu, kuma ba aro muka yi ba. Duk wanda ya tashi a ƙauye ya san motar kara. A wajenmu Arikya, da zarar an yi kaka an girbe dawa, yara sun samu kayan aiki kyauta. A feƙe ɓawon karan ya zama ƙusa, totuwar ta zama katako, a yi ta sokawa ana haɗawa har gingimari ta tashi da bodinta da tsaninta. Wanda ya ɗan girma ya koma motar gwangwani ko ta langa-langa: gwangwanin madara ya zama bodi, a yanko tsohon silifa a yi taya, a saka doguwar waya ta zama sitiyarin da kake tuƙawa kana tsaye. Gwanayen cikinmu har sifirin suke saka mata da roba, idan ta hau gargada ka ga tana lilo kamar ta gaske. Babu wanda ya ba yaron nan zane, babu takardar umarni. Mota ya gani ta zo ɗaukar doya, ya zagaya ta sau biyu, ya tafi da ita a kansa.

Yanzu ku kwatanta su biyun. Motar kwali tana koya maka tsari: aunawa, bin mataki, haƙuri, tsabtar aiki. Sai dai wani ne ya riga ya yi maka tunanin, kai haɗawa ce taka. Motar kara kuwa tana koya maka ƙirƙira, domin kai ne mai zane, kai ne mai neman kaya, kai ne mai warware matsala idan taya ta ƙi juyawa. Rauninta ɗaya ne, babu awo. Taya ta fi ƙofa girma, ba a iya yin guda biyu iri ɗaya, kuma ilimin yana tafiya da mai shi ranar da ya girma aka ce masa ya daina shirme.

Wannan bambancin ba ƙaramin abu ba ne, domin shi ne tarihin masana'antar motocin ƙasar nan. A 1975 kamfanin Fijo ya fara fitar da motoci a Kaduna. A shekarun da ke kusa da nan aka samu Volkswagen a Legas, Steyr a Bauchi, Fiat a Kano, Leyland a Ibadan, da ANAMMCO mai haɗa Marsandi a Inugu. Iyayenmu sun yi alfahari da su, kuma sun cancanta, dubban mutane sun ci abinci a nan. Amma idan ka duba da kyau, mafi yawan aikin motar kwali ce babba. Kayan suna zuwa a akwatuna daga Turai, mu kuma mu ɗaura. Da farashin mai ya faɗi, aka shigo da tsarin SAP a 1986, naira ta karye, sai akwatunan suka gagari saye, masana'antun suka yi ta durƙushewa ɗaya bayan ɗaya. Mun iya haɗawa, ba mu mallaki zanen ba. Wanda bai mallaki zane ba kuwa, kullum yana jiran jirgin ruwa.

Kada wani ya ce ai Bahaushe ko ɗan Arewa ba shi da wannan kan. Jelani Aliyu ɗan Sakkwato ne. Ya yi karatun zanen gine-gine a kwalejin kimiyya da fasaha ta Birnin Kebbi, sannan ya tafi makarantar zane ta College for Creative Studies a Detroit ta Amurka, ya gama a 1994, kamfanin General Motors ya ɗauke shi. Shi ne ya zana samfurin Chevrolet Volt da aka nuna wa duniya a 2007, kuma a 2017 aka naɗa shi shugaban hukumar NADDC mai kula da zane da bunƙasa motoci a Najeriya. A 2007 ɗin dai, Mubarak Muhammad Abdullahi, ɗalibin fiziks a Jami'ar Bayero, ya haɗa jirgi mai saukar ungulu da tarkacen mota da babur, har ya ɗaga daga ƙasa. A Maiduguri, Mustapha Gajibo yana mayar da ƙananan bas-bas masu shan fetur su koma aiki da lantarki. Ga kuma kasuwar Panteka a Kaduna, inda za ka kai hoton inji a ƙera maka shi. Basira ba ita ce ta yi mana ƙaranci ba. Abin da babu shi ne gadar da za ta haɗa mai hannu da mai lissafi.

Kuma ku sani, har gobe manyan kamfanonin mota, duk da kwamfutocin da suke da su, sai sun sassaƙa sabuwar mota da wani irin yumɓu na musamman, ƙarama da farko, sannan mai cikakken girma, kafin a kashe kuɗi a kan ƙarfe. Tun zamanin Harley Earl a General Motors ake wannan. Wato abin da muke yi wa dariya a hostal, a can albashi ake biyan mutum ya yi shi.

Mu dawo gida. Mu da muke karatun digiri na biyu mun san gaskiyar da ba a cika faɗa ba. Da yawanmu za mu iya cika allo da lissafi, amma a miƙo mana tef a ce mu auna ƙofar Keke Napep mu zana ta a takarda yadda wani zai iya yankawa, sai gumi. Lokacin furojet ya zo, sai a kwashi kuɗi a kai wa mai walda ya ƙera, a zo a tsaya gaban malamai ana kare abin da ba a san yadda aka yi shi ba. Mai waldan da bai gama sakandare ba ya yi aikin, mai digiri ya karɓi maki. Wa aka cuta? Kanmu. Ga shi a jiharmu ta Nasarawa an buɗe masana'antar sarrafa ma'adinin litiyom a 2024, ma'adinin da ake yin batirin motocin lantarki da shi. Idan ba mu tashi ba, za mu sake zama masu haƙo ƙasa a kai waje, a dawo mana da ita a kwali mu haɗa.

Na san abin da wasu za su ce. Na farko, tsada. Gaskiya ne, motar kwali da dala ake sayenta, ga kuɗin kawowa, ɗalibin da ke lissafin garin kwaki ba zai iya ba. Amma ni ban ce a saya ba. Abin da nake so mu ɗauka daga wurinsu shi ne awo da tsari, waɗannan kuwa kyauta ne. Na biyu, lokaci. Wanda yake da awa 4 na TikTok a rana yana da awa 2 na ranar Asabar. Na uku, wai ba kowa ne zai zama Jelani ba. Haka ne, kuma ba sai ka zama shi ba. Ɗalibin shari'a ko na Hausa da ya koyi zama awa biyu a kan abu ɗaya ba tare da ya taɓa waya ba, ya samu abin da zai taimake shi ranar rubuta kundin bincike. Kuma ko ba komai, mutum yana da haƙƙin ya yi abin da ke sanyaya masa rai. Wannan ya fi zaman gulma a bakin hostal.

Ga mai son gwadawa, hanyar ba ta da wuya. Ka je tasha ka zaɓi motar da ka sani, a-kori-kura ko Keke Napep ko tsohuwar Fijo. Ka gaida direba, ka nemi izini, ka auna tsawo da faɗi da tsayi, da tazarar da ke tsakanin tayar gaba da ta baya, da faɗin tayar kanta. Kowace lamba ka raba ta da 24. Tayar da faɗinta ya kai santimita 60 za ta dawo 2.5, ka ga murfin kwalba ya kusa isa. Ka zana motar ta gefe, ta gaba, da ta sama a takarda kafin ka taɓa reza. Wannan zanen shi ne abin da motar kara ta rasa tun fil azal. Sannan ka fara gwadawa da kwali, idan ya zauna sai ka koma gwangwani ko falankin roba. Gilashi kuwa, gorar ruwa ta wadatar. A kula, gam mai kamawa nan take yana sa roba mai haske ta yi hazo, don haka gilashi da farin gam na kafinta ake manna shi.

Wajen fenti ne ake gane mai haƙuri. Ka goge jikin da samfefa mai laushi, ka wanke maiƙon hannu, ka bari ya bushe. Ka fara da shafin fari ko toka-toka na share fage, shi zai tona maka duk inda aikin bai yi sumul ba. Sannan launi, shafi siriri sau 3 ya fi mai kauri sau ɗaya, domin mai kauri zuba yake yi ya cike layin ƙofa. Idan lokacin hunturu ne ka kife kwali a kai, in ba haka ba ƙura za ta zauna a kan ɗanyen fentin. Fentin feshi yana narka farin soson da ake saka kayan lantarki a ciki, kar ka haɗa su. Kuma don Allah a yi feshi a waje, ba a ɗakin da mutum shida ke kwana ba.

Inda za mu fi kowa kuwa shi ne kwalliya. Babu kamfanin Japan da zai sayar maka da gingimari mai bodin katako da zanen zaki da dawisu a baya, ko a-kori-kura da ta lanƙwashe da buhunan riɗi, ko Fijo mai kariya a sama an ɗaure akuya da katifa. Ka ɗebo jar ƙasar hanyarmu ka niƙa, ka shafa a ƙasan bodi da burushi busasshe, ka ɗan lotsa bamba, ka sa ƙofa ɗaya ta bambanta da sauran a launi kamar an sayo ta a wurin 'yan gwangwan. Duk wanda ya gani zai ce ya san motar nan, har ya taɓa shigarta. Irin waɗannan motocin suna ƙarewa a kan titi, nan da shekara 20 sai a hoto. Wanda ya ƙera su a kan awo ya adana tarihi.

Shawarata ga ƙungiyoyinmu na ɗaliban Arewa, a Jami'ar Tarayya ta Lafiya da jami'ar jiha ta Keffi da foliteknik da sauran makarantu, ita ce a cikin kuɗin da ake kashewa a makon al'adu a ware teburi ɗaya kacal na baje kolin irin wannan aiki. Sharaɗi biyu: a yi shi a kan ma'auni, kuma a ajiye zanen kusa da motar. Mata ma su shigo, hannun da ke zana lalle ya fi namu iya riƙe burushi. A gayyato mai walda da mai fentin mota daga gari su zama alƙalai tare da malami ɗaya, a ba su kujera da girmamawa.

Sannan idan an yi hutu, kowa ya saka rula da fensir a jakarsa. Ka nemi yaron da ya fi kowa iya motar kara a unguwarku, kowane gari akwai shi kuma yara sun san sunansa. Kada ka koya masa ƙira, ya fi ka. Ka nuna masa yadda ake raba lamba da 24 da yadda ake zana mota ta fuska uku, shi kuma ya nuna maka yadda ake feƙe kara ba tare da ka yanke yatsa ba. Idan babansa ya zo zai kore shi ya ce shirme yake, ka gaishe shi da ladabi ka ce, "Baba, a bar shi, wannan ma karatu ne." Daga bakin mai digiri maganar za ta fi shiga.

Allah Ya sa albarka a karatunmu da hannayenmu, Ya ba masu jarrabawa sa'a.