Harshen Kwamfuta Marar Farin Jini: Ko Yana Hana Ɗalibi Samun Aiki?

Gabatarwa

Duk wanda ya bi hanyar Dutsin-Ma daga cikin birnin Katsina zai wuce manyan makarantu kusa da juna, daga ciki har da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hassan Usman, da Jami'ar Al-Qalam wadda aka kafa a 2005, da Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa wadda aka kafa a 2006. A kowace ɗaya akwai samari da 'yan mata masu karatun ilmin kwamfuta, kuma tambayar da ke damunsu ita ce wadda ke damun takwarorinsu a ko'ina: shin wanda ya ɓata shekarunsa a kan harshen da kasuwa ba ta yayi, kamar Pascal ko FORTRAN ko COBOL, zai sami aiki kuwa? Wasu suna ganin an cuce shi. Wasu kuwa suna cewa harshe duk harshe ne. Ra'ayin wannan maƙala shi ne, irin wannan harshe yana iya wahalar da ɗalibi wajen samun aikin farko, amma abin da ke kayar da shi ƙasa warwas shi ne ya fita makaranta bai taɓa gina wani abu mai aiki da hannunsa ba.

Abin da ake nufi da harshen kwamfuta

Harshen kwamfuta wani tsari ne na kalmomi da ƙa'idoji da ake rubuta wa na'ura umarni da su, watau abin da ake gina manhaja da shi. Kamfanin IBM ya fito da FORTRAN a 1957 domin lissafin masana kimiyya. An tsara COBOL a 1959 domin harkokin kuɗi da na ofis. Niklaus Wirth, wani malami ɗan ƙasar Suwizalan, ya fito da Pascal a 1970 musamman don a koyar da ɗalibai rubutu mai tsari. Waɗannan su ne suka daɗe cikin tsarin karatun manyan makarantun Nijeriya. Waɗanda ake yayi a yau kuwa, Python ya fito a 1991, sa'an nan Java da JavaScript suka biyo baya a 1995.

Abin lura a nan shi ne, farin jinin harshe ba ya daɗewa a wuri ɗaya. Shekaru da dama masu yi wa wayoyin Apple manhaja suna amfani da Objective-C, sai kamfanin ya fito da Swift a 2014. Haka kuma a 2019 kamfanin Google ya bayyana cewa Kotlin ya fi so a yi wa wayoyin Android aiki da shi, alhali a da Java ke riƙe da wurin. Ɗalibin digiri yana shekara huɗu a makaranta, ya ƙara ɗaya ta bautar ƙasa. Jami'ar da ta ce sai ta bi yayi sau da ƙafa, lalle kullum za ta riƙa tarar da kasuwa ta watse.

Abin da ba ya tsufa

A ƙarƙashin kowane harshe akwai abin da ba ya sakewa, watau dabarar warware matsala mataki-mataki: yadda ake jera bayanai, da yadda ake maimaita aiki har sai wani sharaɗi ya cika, da yadda ake farauto kuskure a gyara. Katsinawa ba baƙi ba ne a wannan fage. Muhammad ibn Muhammad al-Fulani al-Kashinawi, malamin Katsina da ya rasu a Alƙahira a 1741, ya rubuta littafi da Larabci a 1732 a kan yadda ake cika hatimin lissafi, watau jadawalin da jimlar kowane layinsa take zuwa ɗaya, ko a tsaye ko a kwance ko a karkace. Abin da ya bayar ƙa'ida ce ta inda za a sa kowace lamba bayan 'yar'uwarta. Ɗalibin da ya gane ƙa'idar zai iya rubuta ta da Pascal yau, gobe ya juya ta zuwa Python, domin tufafi kawai ta sake.

Manyan jami'o'in duniya ma sun yarda da haka. Cibiyar Fasaha ta Massachusetts a Amurka, wadda aka fi sani da MIT, ta yi fiye da shekara ashirin tana fara ɗalibanta da wani harshe da ake kira Scheme, wanda da wuya a ga kamfani yana cigiyar mai shi, kafin ta koma wa Python bayan 2007. Ba a ji ɗalibanta sun rasa aiki saboda haka ba. Dalili kuwa shi ne, sun yi ta aiki da harshen har dabarar ta zauna musu, na biyu da na uku suka zo da sauƙi.

Inda masu kuka suke da gaskiya

Duk da haka, ba daidai ba ne a yi watsi da kukan ɗalibai. Mai ɗaukar ma'aikata ba ya da lokacin tono hazaƙar kowa. Yakan rubuta sunan harshen da yake bukata a sanarwa, kuma takardar da ba ta ɗauke da wannan suna sau da yawa tun a ƙofa ake ajiye ta. Ƙaramin kamfani mai ma'aikata biyar ba zai iya biyan sabon yaro albashin wata uku yana koyo ba.

Akwai masu kawo hujja da cewa harshe marar jama'a yakan yi tsada, kuma da tsohuwar zuma ake magani. Gaskiya ne. A watan Afrilu na 2020, lokacin annobar korona, gwamnan jihar New Jersey ta Amurka, Phil Murphy, ya fito fili yana cigiyar waɗanda suka iya COBOL, domin tsofaffin na'urorin biyan kuɗin marasa aikin yi sun kasa ɗaukar yawan masu nema. Haka kuma an gina cibiyar WhatsApp da Erlang, harshen da kamfanin Ericsson na Suwidin ya ƙirƙiro a 1986, kuma ma'aikatan kamfanin ba su kai 60 ba lokacin da Facebook ya saye shi dala biliyan 19 a 2014. Amma fa kowace haja da kasuwarta. Ayyukan da ke kusa da Bakatsine su ne gina wa makaranta shafin duba sakamako, ko tsara wa asibiti rumbun bayanan majinyata, ko yi wa ɗan kasuwa manhajar lissafin kaya, ko aikin nesa ta intanet, kuma duk waɗannan da harsunan yayi aka fi yin su. Wanda ya zauna a Ƙofar Ƙaura yana jiran a zo neman mai COBOL zai sha jira.

Ainihin cutar

Babbar illa tana wani wuri dabam. Akwai bambanci tsakanin malamin da ya zaɓi tsohon harshe domin ya fi fito da ƙa'ida sarari, da wanda ya riƙe shi domin da shi aka koya masa kuma takardun darasinsa ke nan. Haka nan akwai bambanci tsakanin ɗalibin da ya zauna gaban na'ura ya ga umarninsa ya ƙi aiki, ya kwana yana neman dalili, da wanda ya hardace shi daga allo ya zuba a takardar jarrabawa. Rashin wutar lantarki da ƙarancin na'urori da cunkoson aji sukan tura mutane ga hanya ta biyu. Wanda ya hardace Python ta wannan hanya bai fi wanda ya hardace FORTRAN da kome ba. Wanzamin da bai taɓa aske kai ba, sabuwar aska ba za ta fisshe shi ba.

Abin yi

Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa ta ƙaddamar da sabon tsarin karatu a watan Disamba na 2022, inda ta bar wa kowace jami'a kashi 30 cikin ɗari ta cika da abin da ya dace da muhallinta. Wannan dama ce ga sassan kwamfuta na Katsina. Su kafa tushe da harshen da suka ga ya fi koyarwa, amma kada ɗalibi ya kai shekarar ƙarshe sai ya ƙware a harshe ɗaya na kasuwa, kuma a auna shi a gaban na'ura. Shirin SIWES na tura ɗalibai sanin makamar aiki, wanda hukumar ITF ta fara a 1973, ya kamata a tsaya a tabbatar ɗalibi ya taɓa aikin gaske a cikinsa, maimakon a ƙare da sa hannu a littafin halarta. Shi kuma ɗalibi ya tuna ba a fafe gora ranar tafiya. Tun yana aji biyu ya zaɓi wata matsala ta unguwarsu, ko da lissafin adashin mata ne ko rajistar ɗaliban Islamiyya, ya gina mata manhaja, ya ba masu ita su gwada, su dawo masa da ƙorafi, ya gyara.

Kammalawa

A taƙaice, sunan harshe yana da tasiri a ranar da aka miƙa takardar neman aiki, don haka wajibi ne makaranta ta ba ɗalibi wanda kasuwa ke tambaya. Bayan wannan rana kuwa, abin da zai riƙe shi shekara talatin a bakin aiki shi ne iya koyon sabon harshe duk lokacin da yayi ya juya. Wannan kuwa ba ya samuwa sai ga wanda ya san harshe ɗaya ciki da bai, ya kuma yi aiki da shi har wani ya amfana.