Hoton Sarki Ma Rubutu Ne, Mu Koyi Karanta Shi



Da yawanmu idan za mu rubuta labarin sarauta, tsohon hoto muke nema, mu kwafe abin da muka gani, mu ce ai haka mutanen da suke. A ganinmu wannan ganganci ne, domin sarki ba ya tsayawa gaban kyamara sai da shiri.

A nan Kaduna ba mu rasa abin dubawa ba. Akwai hotuna a Gidan Arewa da ke titin Rabah, tsohon gidan Sardauna Ahmadu Bello. Akwai na sarakunan da suka riƙa zaman majalisa a Lugard Hall, da na hawan dabar da aka yi wa Sarauniyar Ingila a 1956. Ku duba da kyau: rawani a naɗe tsaf, amawali ya rufe baki, alkyabba ta sauka har ƙasa, fuska babu murmushi. Duk wannan magana ce sarki yake yi ba tare da ya buɗe baki ba.

Kuma mutum biyu ne ke magana a hoto ɗaya. Sandar girman da ke hannun sarki Bature ne ya miƙa masa, yana son a gani a Landan cewa ƙasa ta kwanta. Shi kuwa sarki so yake a ga kwarjinin gidansu bai ragu ba. Haka za mu karanta hotunan Sarkin Katsina Muhammadu Dikko, wanda ya je Ingila tun 1921.

Idan muka kwafe hoton kawai, alkyabba za mu rubuta babu mutum a ciki. Mai karatu ba zai ga sarkin da ke fargabar Razdan zai tuɓe shi ba.

Don haka kafin mu ɗauki biro mu tambayi hoton: wa ya ɗauka, don wa, kuma wa aka bari a gefe? Dogari da zagi da mai laima suna ciki, galibi babu sunansu a ƙasa. Matan gidan kuwa da wuya a gan su. Sau da yawa labarin da ya dace mu rubuta yana wurinsu.

Allah ya ƙara mana basira.