Wa ke kai wa tsohuwa mura har ɗaki?

Da zarar hunturu ya sauka Yamai, tari da atishawa sai su cika kewayen Ƙaramar Kasuwa, wato Habu Ganda. Ga ɗan kasuwa mai jini a jika, murar da likitoci ke kira girip kwanciyar kwana uku ce, ya tashi ya koma ciniki. Ga tsohuwar da ya bari a gida kuwa, takan zarce ciwon huhu. Hukumar lafiya ta duniya, OMS, ta ƙiyasta a 2017 cewa cutar tana kashe mutum 290.000 zuwa 650.000 kowace shekara.

A Faransa, inda ake tara tsofaffi a gidajen kulawa, an san ma'aikata da baƙi ne ke shiga da ita. Duk da haka, a sanyin 2018-2019, kusan ɗaya cikin uku kaɗai na ma'aikatan aka yi wa allura.

A Nijar iyaye a gida suke tsufa, kuma abin alfahari ne. Amma mai jinyar yana nan: suruka ce, jika ne, ƴar aiki ce, ko ɗan da ya taso daga aiki ya durƙusa gaisuwa yana jan majina. Cibiyar CERMES tana bin sawun girip tun 2009. OMS kuma ta sa masu jinya da tsofaffi a sahun farko na allurar, wadda ake sabuntawa kowace shekara domin ƙwayar cutar tana sauya kama. Alhaji yakan bi layin allura tun asuba idan Makka za shi, amma bai cika tambayar likita game da tsohuwar da ke ɗakin baya ba.