Gubar da ke cikin rijiyoyin Bangaladash

A shekarun 1970, kwalara da gudawa daga ruwan tafki suna kashe yara a ƙauyukan Bangaladash, sai gwamnati da UNICEF suka duƙufa wajen haƙa rijiyoyin burtsatse. Mutuwar yara ta ragu, kowa ya yi hamdala. Ashe an gudu ne ba a tsira ba. A 1993 aka tabbatar akwai gubar arsenik a ruwan, wadda ke narkewa daga lakar da koguna suka kwaso daga tsaunukan Himalaya.

Abin tsoron shi ne ba ta da launi, ba wari, ba ɗanɗano, kuma tafasa ruwa ba ya fitar da ita. Sai bayan shekaru fata ta yi dabbare-dabbare, tafin hannu da na ƙafa su yi kanta, daga baya sankarar fata, ta huhu ko ta mafitsara ta biyo.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙayyade maikirogiram 10 na arsenik a kowace litar ruwan sha, Bangaladash kuwa ta tsaya a 50. A ganinmu wannan sassaucin ya yi yawa, domin famfon da aka shafa wa koren fenti, alamar lafiya, yana iya ɗauke da har ninki biyar na ma'aunin hukumar, mutanen ƙauye suna ta sha hankali kwance.