Hutun Hunturu Ba Na Barci Ba Ne

Ina roƙon Edita ya ba ni ɗan fili in yi magana da 'yan'uwana ɗalibai a kan hutun nan na watan Disamba da ke tafe. Ra'ayina shi ne, duk wanda ke shirin zama malamin makaranta, ya kamata ya fita da hunturu ya kalli bukukuwan al'ada na ƙasarmu da idonsa. Ga abin da ya sa na ce haka.

Ni a GRA ta Bauchi na tashi, watau unguwar da Turawa suka keɓe wa manyan ma'aikata a zamanin mulkinsu. Unguwa ce mai itatuwa da shiru, kowane gida da katangarsa da ƙyauren ƙarfe. In hunturu ya kama, hazo ya rufe duwatsu, sai kowa ya ja taga ya duƙufa a kan talabijin da waya. Ba mai zama waje sai maigadi da ke jin ɗumi a bakin ƙofa. Haka na yi ta cinye hutu bayan hutu, ina tsammani na san ƙasata, don kuwa na ci jarrabawa a kanta.

Bara aka tura ni gwajin koyarwa a wata firamare, darasi ya faɗo kan bikin kamun kifi na Argungu. Na cika allo da abin da na haddace. Sai wani yaro, ɗan masunta daga bakin kogin Gongola, ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, goran nan da suke shiga ruwa da shi, na mene ne?" Na ce na ruwan sha ne. Kai, aji ya kece da dariya! Yaron ya ce, a kansa masunci ke kwantawa ya yi iyo, a cikinsa kuma yake zuba kifi. Ran nan na tabbata gani ya kori ji.

To, don me hunturu? Domin a lokacin an gama girbi, rumbuna sun cika, hanyoyi sun bushe, koguna sun janye. Manomi ya sami sararin kansa, shi ya sa kalankuwa da dambe da kokawa da farauta suke yawaita a wannan tsakani. Mu kuma Allah ya sa hutunmu ya dace da farkonsa.

Wanda zai fara, ya fara da kusa. A ƙasar Tafawa Ɓalewa da Bogoro, Sayawa suna da bikin kaka da suke kira Lepm Zaar. Ƙauyukan da ke kewaye da mu ba su rasa dandalin kokawa, Fulani kuma suna da sharonsu. In an ɗan ƙara nisa, an wuce Jos, ran 1 ga Janairu kowace shekara mutanen Kagoro suna yin bikin Afan, kalmar da ke nufin dutse a harshensu, inda maharba ke fitowa da shigarsu. Mai ƙarfin aljihu ya tsallaka Nijar, inda tun 1975, da aka fara a Tawa, ake yin kokawar neman takobi. Jihohinsu 8 ne, kowace ta kawo 'yan kokawa 10, kuma yawanci a ƙarshen Disamba ake karawa.

Argungu kuwa sai hunturu ya kusa fita, wajen Fabrairu ko Maris. Asalin bikin a 1934 ne, sa'ad da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci Sarkin Kabi Muhammadu Sama, bayan doguwar gaba tsakanin Sakkwato da Kabi. Aka shiga kogin Matan Fada da koma da gora don girmama baƙo. Ashe bikin da na koyar kamar labarin kifi, labarin sulhu ne. A 2016 hukumar UNESCO ta sa shi cikin al'adun duniya da ya kamata a kiyaye. Duk da haka, bayan na 2009 ba a sake yinsa ba sai 2020. Wannan ya isa ya nuna mana biki ba ya jiran mai nawa.

Akwai kuma dalilin da ya fi na darasi nauyi. Gobe za a ba ɗayanmu aji mai ɗauke da Bahaushe da Bafillace da Bajari da Basayi da Bagere, duk a benci ɗaya. Kowa ya san rikicin da ya taso daga Tafawa Ɓalewa a 1991 har ya iso cikin garin Bauchi, da rayukan da aka yi hasara. Ban ce kallon rawa zai hana faɗa ba. Amma malamin da ya taɓa zama a inuwar mutane, ya ci tuwonsu, ya ji abin da suke gode wa Allah a kansa, da wuya ya raina ɗansu a aji, ko ya bari wani ya raina shi.

Na san za a ce ina kuɗi? Gaskiya ne, ɗalibi ba shi da ko sisi. Amma in mutum 10 suka yi adashi tun farkon zango, kuɗin mota zuwa Dass ko Bogoro ba zai gagara ba, masauki kuwa ga abokan karatunmu 'yan can. Za a ce hanya ba lafiya. Wannan ma gaskiya ne, kuma ban ce kowa ya jefa kansa cikin halaka ba. A yi tambaya kafin a tashi, a tafi da rana, a tafi a ƙungiya, inda aka ce kada a bi, kada a bi. Wani kuma zai ce cikin waɗansu bukukuwan akwai abin da addininsa bai yarda da shi ba. To, ba a ce ka shiga ba. Ka tsaya inda ya halatta gare ka, ka kalli abin da ya kyautu, ka bar sauran ga masu shi ba tare da zagi ba.

Sai dai fa tafiyar malami dabam take da ta ɗan yawon buɗe ido. In ka isa, fara gai da mai gari, ka nemi izini kafin ka ɗauki hoton kowa. Ka riƙe littafi da alƙalami, ka tambayi dattawa sunan ganga, da ma'anar rawa, da dalilin da ya sa ake yi a wannan wata. Alhaji Abubakar Imam da ya je Ingila a 1943 bai dawo hannu sake ba, ya rubuta Tafiya Mabuɗin Ilmi. Mu ma kowa ya dawo da shafi biyu, a buga a wannan mujalla da Hausa, na baya su amfana.

Ni dai bana na yi niyyar fita daga bayan katangar GRA, in Allah ya yarda. Wanda ke so mu tafi tare, ya same ni bayan sallar la'asar mu shirya. Allah ya kai mu lafiya, ya komo da mu lafiya, amin.