Ƙungiyoyin Taimakon Kai da Kai a Rigacikun: Wa Zai Tallafa Musu?

Garin Rigacikun, wanda ke bakin hanyar Kaduna zuwa Zariya a cikin Ƙaramar Hukumar Igabi, yana daga cikin wuraren da birnin Kaduna ya tumbatsa zuwa cikinsu. A nan ne hedkwatar Cibiyar Horar da Malamai ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1976, da kuma filin Baje Kolin Duniya na Kaduna. Sai dai a sababbin unguwanni gidaje kan riga hanya da magudanar ruwa isowa. Saboda haka ƙungiyoyin matasa da na mata da kwamitocin unguwa su ne kan yi gayya su yashe lambatu kafin damina, su cike ramuka, su gyara maƙabarta.

Taimakon da gwamnati ke bai wa irin waɗannan ƙungiyoyi ba sabon abu ba ne. Gyaran tsarin ƙananan hukumomi na 1976 an yi shi ne domin a matso da mulki kusa da talakawa. A 1986 gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta kafa hukumar DFRRI mai kula da abinci da hanyoyi da raya karkara, wadda ta ƙarfafa wa jama'a gwiwar kafa ƙungiyoyin raya ƙasa. Daga 2009 zuwa 2021 kuma an gudanar da shirin CSDP da tallafin Bankin Duniya, inda jama'a ke zaɓen aikin da suke bukata, su kawo wani ɗan kaso na kuɗin, hukuma ta cika sauran.

Abin lura shi ne kowane ɗaya daga cikin shirye-shiryen nan biyu daga sama ya zo, kuma da wa'adinsa ya cika sai ya tafi. Ƙungiyar da ta koyi cika takardun wannan shiri, kafin ta ankara an kawo wani da nasa sharuɗɗan. Galibi ƙungiyar da ba ta da rajista da tsarin mulki da asusun banki ba ta shiga lissafi, komai ƙwazonta. Yawancin rikicin da ke wargaza ƙungiyoyi kuwa daga kuɗin da ba a rubuta ba yake farawa.

A ranar 11 ga Yuli, 2024, Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin cewa a riƙa bai wa ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye daga asusun Tarayya. Wannan ya ƙara nauyi a wuyan majalisar Igabi da ke Turunku. Abin da ya kamata ta yi shi ne ta ajiye jami'in raya jama'a a Rigacikun, mai ranakun zama sanannu, wanda zai taimaka wajen rajista, ya koya wa sakatarori da ma'ajin kuɗi riƙe littafin shiga da fita, ya kuma kai bukatun unguwanni gaban majalisa kafin a tsara kasafin kuɗi. Kamata ya yi kuma a ware kuɗin cika aikin gayya, a bayyana wa kowa ƙa'idar samunsa, domin kada ya zama ladan 'yan siyasa.

Su ma ƙungiyoyin da sauran aiki a gabansu. Wadda ba ta karanta wa 'ya'yanta lissafin kuɗi a bainar jama'a ba, ba ta da bakin neman hukuma ta buɗe nata littafin.